Katin Yaya Ocaya

"Kar ki kira ta," in ji Ocaya. "Bar ni in huta, yanzu zan tashi."

A mataki na shida ya zauna, ya rungume ƙarfen benen, baki buɗe yana jan iska. Daga banɗakin ƙasa kawai yake. Tiyamike ta tsaya a kansa da kofin shayi a hannu. A kicin Anti Galima mai gidan tana suyar kusista, wani irin fanke na safiyar Lahadi, ƙanshin kirfa da kwakwa ya cika ko'ina, rediyonta na ta zuba. Taku biyar ne tsakaninsu da ita.

"Yaya, dubi yadda ƙafarka ta kumbura fa."

"Na gan ta. Ai tawa ce."

"Jiya ba ta kai haka ba."

"Sanyi ne. Ke da kika zo bara, me kika sani game da Yulin Cape Town?" Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace ta. Da ya lafa sai ya kama gefen rigarta. "Ɗaga ni. Sannan ki wuce, yarana na jin yunwa."

Ta ajiye kofin ta cusa kafaɗarta ƙarƙashin hammatarsa. Mutumin da ƙasusuwan wuyansa suka fito, amma nauyi kamar buhun siminti, duk ruwa ne. Ta kai shi gado, ta tara masa matashi uku a baya, don kwana biyar ke nan ba ya iya kwanciya miƙe. Ta ɗauki katinsa a kan tebur ta sa a aljihu.

Ocaya mutumin Kitgum ne a arewacin Uganda, shekararsa arba'in da ɗaya. Malamin sakandare ne kafin babbar jami'ar nan ta ɗauke shi digiri na uku, shi kaɗai cikin ɗaruruwan da suka nema. Ranar da zai taho akuya biyu aka yanka, kuma tun daga ranar Dokta ake ce masa a garinsu. Shekara biyar ke nan matarsa da 'ya'yansa mata biyu a waya suke ganinsa. Yanzu aski ya zo gaban goshi, gwajin ƙarshe yake yi, na kwana sittin. Yaran nan da yake faɗa wasu ƙwayoyin halitta ne da yake raino cikin kwalabe a akwatin ɗumi. Kullum ƙarfe bakwai na safe sai an tsiyaye musu tsohon ruwa an zuba sabo. Aka tsallake kwana ɗaya sun mutu, sai a koma farko. Farko kuwa babu shi, don tallafin karatunsa da takardar izinin zamansa duk a watan Agusta za su ƙare.

Ita Tiyamike daga Dedza ta zo, a Malawi, tana binciken cututtukan masara a hawa na uku na ginin da yake aiki. Ƙofar ɗakinta na kallon tasa a gidan hayar. Shi ya raka ta layin takardu makon da ta iso, shi ya nuna mata inda ake samun garin tuwo mai kyau a unguwar Mowbray, shi ya hana ta tattara kayanta ranar da aka mayar mata da rubutunta ja-wur da gyara. To, wanda ya yi maka haka, in ya ce ka riƙe masa kwalabe na kwana biyu kafin mura ta sake shi, da wane bakin za ka ce a'a? Kwana biyun nan yau sun zama goma sha biyu.

Matsalar ita ce katinta ba ya buɗe ƙofar hawa na huɗu, inda kwalaben suke. Nasa ne ke buɗewa, kuma a ranar farko kowa ya sa hannu a takarda cewa wanda ya ara wa wani kati, da shi da wanda ya ara, kora ce.

Me ya hana shi zuwa asibiti, ya gaya wa shugabar bincikensa? Tsoro, ba wani abu ba. Duk ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa ya san labarin ɗan Kongon nan da ya kwanta jinya wata ɗaya, ya fito ya tarar an tsayar da tallafinsa, takardarsa ta mutu, aka sa shi a jirgi da jaka ɗaya. Ba wanda ya san sunansa, ba wanda ya taɓa ganinsa, amma kowa zai rantse maka abokin abokinsa ne. Wallahi da tsoro na ba da digiri, da rabin baƙin jami'ar nan sun gama tun shekarar farko. Ana maƙala hotunansu a bango suna murmushi cikin farar riga, su kuwa ko atishawa ba sa so su yi a gaban manya.

Ta fita cikin yayyafi, gari bai gama wayewa ba. Lokacin hutu ne, ginin ba kowa sai mai gadi da butar shayinsa. Farfesa Lategan, shugabar Ocaya, tana can wani taro a Turai, daga can take duba sakamakon da ake turawa kullum.

"'Yar Malawi, ko Lahadi ba a hutawa?" in ji mai gadin. "Masarar nan ita za ki aura?"

"Ita ce ba ta ƙarya, Baba."

"Haka ne kuma." Ya kurɓi shayi. "Ni kam ina mutumin Uganda? Kwamfuta ta ce kullum yana zuwa, idona bai gan shi ba. Ko ya koyi bi ta bango ne?"

Ta ji katin a aljihunta kamar garwashi.

"Ta ƙofar baya yake shiga."

"Auho. Ki ce masa ina cigiya."

Ta hau benen. Ta kara katin, ƙofa ta yi ƙara, sunansa ya fito a ɗan allon. Ta sa safar hannu, ta fito da kwalaben guda shida, ta tsiyaye, ta zuba sabon ruwan mai launin hoda, ta leƙa su a madubin ƙara girma. Suna nan lafiya lau, sun yi ɓul-ɓul. Ta rubuta lambobin ta tura da sunansa. Duk motsin da bututun ruwa ya yi a bango sai ta waiga.

Ranar Talata da yamma ta kai masa kunu, ta tarar leɓɓansa sun yi toka-toka. Ta rufe ƙofa ta jingina da ita.

"Yaya, na gaji. Zan gaya wa Anti ta kira motar asibiti."

"Saura kwana biyar, ƙanwata."

"In ka kai."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Ranar Lahadi ki zuba na ƙarshe, Litinin da kaina zan kai kaina. Na rantse miki."

"Haka ka ce wancan makon."

"Asibiti za su kwantar da ni. Sun kwantar da ni, jami'a ta ji. Jami'a ta ji, za ta tambaya wa ke shiga ɗakin gwaji mutum na kwance." Ya tsaya ya ja numfashi sau uku. "Katin a hannun wa yake? Da wa kike jin za su fara?"

Yana faɗa ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, ta ga hakan a fuskarsa.

"Ba haka nake nufi ba, Tiya. Yafe mini."

Amma magana zarar bunu ce. Ta tuna babanta da ya bi gida-gida a Dedza yana nuna takardar ɗaukarta, ta tuna ƙannenta uku da ke jiran ta zama wani abu. Ta ji tsoro, kuma gaskiyar magana tsoron kanta ne ya fi yawa a ciki. Ta miƙa masa kunun ta fita.

A ƙasan bene Anti Galima ta tare ta, hannu a ƙugu, ɗankwali ya zame.

"'Yata, zo nan. Ɗan nan lafiya yake? Tarin nan nasa har ɗakina."

"Mura ce, Anti. Rubutu ya yi masa yawa."

"Mura? Shekara talatin ina ajiye 'yan jami'a, na san tarin mura. Na ƙwanƙwasa jiya ya ce yana waya da matarsa." Ta ƙura mata ido. "Yana zuwa aiki?"

Nan ne wurin. Kalma ɗaya ce, da ta faɗe ta da an wuce wurin.

"Kullum yana zuwa," in ji Tiyamike.

"To, tunda yana iya hawa tudun jami'ar nan, da sauƙi." Anti ta koma kicin tana gunaguni a kan yaran zamani da ba sa sa safa.

Ranar Alhamis ta shiga ɗaukar katin ƙarfe shida da rabi. Yana zaune a gefen gado, ya dafa gwiwoyinsa, gumi a goshinsa cikin wannan sanyin.

"Zauna kaɗan," ya ce.

Ta zauna a kujerar karatunsa. Numfashinsa kawai ake ji, da wani ƙurƙur a ƙirjinsa kamar tukunya ta fara tafasa. Ta duba wayarta, ta sake dubawa. Ya gan ta.

"Ƙarfe nawa?"

"Bakwai saura kwata."

"Je ki. Kar su jira."

"Yaya, in zauna?"

Ya daɗe yana kallonta. Ta san yana so ta zauna, shi ma ya san ta sani.

"Saura uku," ya ce. "Yi sauri."

Da gudu ta hau tudun, da gudu ta yi aikin, har ta kusa ɓarar da kwalba ɗaya. A hanyar dawowa ta yanke shawara, yau ko sama da ƙasa za su haɗe sai ta kira motar asibiti, a kore ta in za a kore ta. Tana shan kwanar layinsu ta hango motar a ƙofar gida, an riga ta kira. Fitilarta a kashe take, direban na tsaye yana shan taba, ba wanda ke gaggawa.

Anti Galima na zaune a dakalin ƙofa da carbi a hannu.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce. "Kina fita na ji faɗuwar abu. Na hau na same shi a ƙasa. Na riƙe kansa, 'yata, bai tafi shi kaɗai ba. Sun ce zuciya ce, ta daɗe tana jan ruwa." Ta ɗago ido. "Sun ce mutumin nan ya yi makonni bai iya tafiyar kirki ba."

Anti ta matsa wa Tiyamike wuri a dakalin.

Da la'asar Farfesa Lategan ta zo, jiya da dare ta sauka daga jirgi. Doguwar mace ce mai furfura, ta fito daga mota ko lema ba ta ɗauka ba. Tiyamike ba ta taɓa tsayawa kusa da ita haka ba. Ta miƙe tsaye.

"Akwai kuskure," in ji Farfesa. "An ce mini bakwai saura ya rasu. Ba zai yiwu ba. Ya shiga ɗakin gwaji bakwai da minti huɗu, na gani da idona a rajistar ƙofa. Ya turo mini sakamako takwas saura."

Anti Galima ta dubi Tiyamike. Ruwa na ɗiga daga bakin rufi.

"Ni ce, Farfesa."

"Ke ce me?"

Ta ciro katin ta miƙa da hannu biyu. Ta faɗi komai, kwana goma sha shida, kwalaben, ƙafarsa, watan Agusta, har labarin ɗan Kongon. Da ta gama ta tsaya tana jiran abin da ta daɗe tana jira.

Farfesa ba ta karɓi katin ba. Ta lalubi dakalin ta zauna a kan jiƙaƙƙen siminti.

"Takarda ɗaya ce," ta ce a hankali. "Shafi ɗaya. Hutun jinya, wata shida, in rubuta a ƙara masa wa'adi. Bara sau uku na sa hannu a irinta. Kwalaben kuma da na sa wani ya riƙe masa." Ta cire tabarau ta riƙe. "Kullum ina ganin sunansa ƙarfe bakwai, ina cewa a raina mutumin nan ƙarfe ne. Shi ya sa ban ko kira shi ba."

"Za a kore ni?"

Ita kanta ba ta san ta yi tambayar ba sai da ta ji ta a kunnenta. Ta so ƙasa ta tsage.

Farfesa ta dube ta kamar ba ta gane yaren ba.

"Wa yake maganar kora, yarinya?"

Tiyamike ta zauna. Da an ce mata ta tattara kayanta da ya fi mata sauƙi, ta san inda za ta ajiye wannan. Wannan kuwa ba ta da wurin ajiye shi.

Can Anti Galima ta tashi ta shiga ciki. Suka ji takunta a bene, sama, sannan ƙasa. Ta fito rungume da zanen gadonsa da rigunan matasan kansa guda uku, ta ce su ɗan matsa ta wuce. Ta kai su gefen famfo ta danna cikin baho, ta zuba omo, ta tsaya a kai. Yayyafi na sauka a cikin bahon, kumfar na tashi kaɗan-kaɗan.