Wakilin Nijar a Ajin Dakta Mu'minat

Dakta Mu'minat ba ta yarda da karatun zaune ba. Abokan aikinta a sashen kimiyyar siyasa kan shiga aji da tsofaffin takardunsu, su karanto wa ɗalibai abin da Turawa suka faɗa kan hulɗar ƙasashe, su tattara su fita. Ita kuwa raba wa ɗalibanta ƙasashe take yi. Kowa ya rataya kwali a wuya da sunan ƙasar da ta faɗo masa, ya yi magana da bakinta, ya kare ta ko da ba ya ƙaunarta. Wanda ya tuɓe rigar ƙasarsa kafin ta ce an tashi, ya zubar da makinsa. Ana gulmarta a ofis, wai ta mai da jami'a dandalin wasan kwaikwayo. Tana ji, ko a jikinta.

Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar, sai ta ga darasi ya biyo ta har gida. Shugaban sashe ya ce hanyar Jibiya ba ta da kyau, ta ce kafin la'asar sun dawo. Haka ta kwashi 'yan ajin ƙarshe a motar makaranta zuwa bakin iyaka a Jibiya, da kwalayensu da komai.

Tun daga nesa warin ruɓaɓɓiyar albasa ya tarbe su. Manyan motoci sun yi layi har inda ido ya gaji, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu, wasu sun ɗaure igiya suna shanya. Ta zaɓi gindin wata darbejiya da ba ta da nisa da shingen jami'an tsaro, ta sa ɗaliban suka yi da'ira.

Luba, wadda bakinta ba ya mutuwa a aji, ita aka ba ƙungiyar ƙasashen yankin da ta ƙaƙaba takunkumi. Nijar kuwa Maharazu aka ba, wani dogon ɗalibi mai shiru-shiru. Dakta da kanta ta zaɓe shi, don ta ji Hausarsa ta san yana da dangi a tsallake, ta ce a ranta wannan zai iya. Ba ta tambaye shi komai ba.

Luba ta fara, ta kuwa yi kyau. Ta yi bayanin yarjejeniyar ƙungiyar, ta ce in aka bar soja ya kifar da gwamnati ya sha, gobe maƙwabcinsa ma zai gwada. Ta ce takunkumi magani ne mai ɗaci, amma magani ne.

Maharazu ya miƙe. Ya fara da Turanci kamar yadda aka saba, bai yi nisa ba ya sauka Hausa.

"Magani, kika ce? Wa ya sha shi? Waɗanda kuke hushi da su suna can cikin sanyi, injin wutarsu na aiki. Wanda kuka ruhe wa hanya shi ne mai zuwa asibiti. Kun yanke wuta, kun tare magani, kuna zaune kuna kiran abin doka."

Direbobin suka fara tasowa daga tabarminsu. Ɗaya ya ce, "Faɗa masu, yaro." Daɗi ya kama Dakta har tana gyaɗa kai, tana cewa a ranta yau masu gulma da sun zo sun gani. Ba ta lura cewa taron ya ninka ɗalibanta ba, sai da wani ya fara dukan jikin mota da tafin hannu, wasu suka ɗauka. Jama'a suka soma matsawa wajen shinge suna cewa a buɗe.

"An tashi," in ji ta. Hayaniya ta haɗiye maganar.

Jami'ai suka fito da bindigogi. Ba su harba ba, ɗaga su kawai suka yi, taron ya watse kowa ya nemi ƙarƙashin motarsa. Aka bar dogon yaro tsaye a fili, da sunan wata ƙasa rataye a ƙirjinsa. Da igiyar kwalin aka ja shi.

Dakta ta damƙa sauran ɗaliban a hannun direbansu, ta bi bayan jami'an zuwa wani ɗan ɗaki mai rufin kwano. An zaunar da Maharazu a ƙasa, an cire masa takalmi. A waje wata motar sintiri ta juya kanta ta fuskanci Katsina, ba a kashe injinta ba. Dakta ta san abin da hakan ke nufi. In yaron nan ya hau motar, babu wanda zai iya cewa ga ranar fitowarsa, kuma jarrabawar ƙarshe ta kusa.

Babban jami'in, wanda aka rubuta Abdulbaƙi a ƙirjin rigarsa, bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan.

"Hajiya, ke kika kawo shi?"

"Ni ce, yallaɓai. Ɗalibina ne. Darasi muke yi, kowa da ƙasar da aka ba shi. Kamar wasa ne."

"Wasa." Ya juya kwalin a hannunsa. "A nan, a wannan lokaci, ki tara mini direbobin da suka yi makonni suna cin fushi, ki sa wani ya hau kansu da wa'azi. Da ɗaya ya jefa dutse, ɗaya daga cikin yarana ya tsorata, gawa nawa za ki mayar makaranta?"

Ita da ke koyar da yadda rikici ke tashi tsakanin ƙasashe, ba ta hango wannan ba, kunya ta rufe ta.

"Na tambaye shi wa ya turo shi, ya ƙi magana," in ji jami'in. "In wasa ne, ya faɗa da bakinsa, ya ce ba ra'ayinsa ba ne, sa shi aka yi. In ya faɗa, ku tafi. In bai faɗa ba, ya je ya yi bayani a gaba."

Sai ta ji sauƙi ya ɗan sauko mata. Ta ɗauka ta gano matsalar: dokarta ce ta ɗaure yaron, yana tsoron makinsa. Ta durƙusa a gabansa.

"Maharazu, an tashi. Ka cire rigar, makinka na nan cikakke. Faɗa wa yallaɓai."

Ya kawar da kai. Wayar jami'in ta yi ƙara, ya fita bakin ƙofa yana amsawa.

"Ka ji ni kuwa? Na ce an tashi."

"Malama, ni ban sa riga ba."

"Ban gane ba."

"Innata a Ɗan Isa take, nan tsallake cikin Nijar. Katsina muke kai ta wankin ƙoda. Da aka ruhe nan, sai muka biyo da ita ta daji bisa mashin, ni na riƙe ta a baya. Ba mu kawo Jibiya da ita ba. Wata guda ke nan."

Ta tuna makon da bai zo aji ba, da yadda ta yi masa tsiya a gaban 'yan uwansa da ya dawo, ta ce ko Nijar ta janye jakadanta ne. Har dariya aka yi.

"Allah ya jiƙanta," ta ce. "Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ba ki tambaya ba, Malama. Kin ce in yi magana da bakin ƙasar, na yi."

A waje aka taka motar sintirin, ta yi gurnani. Shekara da shekaru tana gaya wa ɗalibai su faɗi abin da suka gani, kada su ji tsoron kowa. Yanzu ga shi abin da za ta roƙa ya saɓa wa duk wannan, kuma ta san dole ta roƙa.

"Maharazu, don Allah ka ce wasa ne."

"In ce mutuwar Inna wasa ce?"

"Ka ce ni na sa ka, ai ni ɗin ce. Ka fita daga ɗakin nan tukuna. In ka hau motar can, ba ni da abin da zan iya yi maka." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Ba malamarka ke ba ka umarni ba. Roƙonka nake."

Jami'in ya dawo ya tsaya a kansu. Tagar ɗakin ba ta da gilashi, Dakta ba ta san iya abin da ya ji ba, shi ma bai nuna ba.

"To, samari?"

Maharazu ya daɗe yana kallon ƙafafunsa, har jami'in ya juya zai kira yaransa.

"Wasa ne, ranka ya daɗe," ya ce. "Malama ce ta sa ni. Ba ra'ayina ba ne."

"Duk abin da ka faɗa?"

"Duka."

Jami'in ya tura masa takalmansa da ƙafa. "Ku bar nan yanzu. Hajiya, kada in sake ganin ajinki a bakin shingena."

A mota ba mai magana, har Luba. Maharazu ya wuce kujerarsa ta baya ya zauna. Sun bar Jibiya sun kama hanyar Daddara sannan Dakta ta iya tashi, ta bi tsakanin kujeru tana dafawa, ta tsaya kusa da shi. Ta shirya maganganu da yawa.

Shi ya riga ta, cikin ladabi, bai ɗago kai ba.

"Malama, mako mai zuwa a ba ni wata ƙasa mai nisa. Wadda ban san kowa ba a cikinta."