Fitilar Ƙofar Lorraine

Lorraine Pruitt na cikin juye alewa a kwano sai ga maƙwabciyarta Shelby ta hau baranda, da hular mayu mai tsini a kanta.

Ta zo ne ta tuna mata shawarar da matan layin suka yanke: yaran unguwa su gama zagayen Halowin, bikin da yara ke shiga kayan dodo suna bi gida-gida neman alewa, tun da sauran rana, magariba na yi kowa ya kashe fitilar ƙofa. A garin nan na Toledo ko yaron goye ya san ba a ƙwanƙwasa gidan da ke duhu. Da magariba ne kuwa motoci ke sauke yaran unguwar talakawa da ke ƙetaren layin dogo.

Lorraine ba ta cikin masu yabon yaran zamani. Ta tsufa a aji tana koyarwa, ta san su. Samari gandama-gandama, ba ko kayan dodo a jikinsu, su miƙo jaka ido na kan waya, su damƙi rabin kwano su juya ba godiya. Sai dai ta lura tagwayen Shelby ma haka suka yi mata ɗazu, har da taka mata furanni. Shelbyn ce kuma ke tara wa yaran ƙetaren nan abincin gwangwani a coci duk Kirsimeti, a ɗauke ta hoto tana rungume da su.

"Ba ƙyama ba ce, Mama Lorraine," in ji Shelby. "Tsaro ne."

"Bara wa suka cinye?" in ji Lorraine.

"Ke dai ba a raba ki da baki. In gida ɗaya ya bar haske, duk layin za su cika."

Tun da likita ya hana Lorraine tuƙi, Shelby ce ke kai ta wankin ƙoda, ta dawo da ita, ba ta taɓa karɓar ko kuɗin mai ba. Gobe ma ranar zuwa ce.

Fitilu suka fara mutuwa gida bayan gida. Wata tsohuwar mota ta tsaya a bakin layi, wata mata cikin kayan aikin kanti ta fito da yara uku. Suka tsaya suna duban duhun, sannan suka hango haske ɗaya da ya rage. Makunnin na nan jikin bango, dab da kafaɗar Lorraine. Shelby ta dube shi, ta dube ta.

Lorraine ta riƙe kwanon da hannu biyu, ta bar fitilarta a kunne.

"Na manta ban gaya miki ba," in ji Shelby a hankali, "gobe ina da uzuri." Ta sauka ta bi ta kan ciyawa, don kada ta haɗu da matar da yaranta a hanya.

Yaran suka hau baranda. Ƙaramar cikinsu, mai rigar fatalwa da aka yanka daga zanen gado, ta zura hannu cikin kwanon har wuya. Lorraine ta ce mata biyu ake ɗauka, kuma a gidan nan ana cewa an gode. Uwar ta fara ba da haƙuri.

"Bar wannan, 'yata," in ji Lorraine. "Ke da kika san gari, wace bas ce ke zuwa babban asibiti daga nan?"

Matar ta dubi sandarta, ta dubi ƙafafunta da suka kumbura.

"Sai kin canja biyu, Mama. Ki fito da wuri, ki kuma sa rigar sanyi."