Takunkumin Alhaji Abdulsalami

"Malam, don Allah tashe shi mana! Mota ta cika tun ɗazu, rana tana yi."

Wata tsohuwa ce riƙe da kaji biyu a cinya ta leƙo ta taga tana yi wa Yunusa magana. A tashar Gwaram ne, da hantsi. Yunusa ya taso daga benci ba don yana so ba. Motarsa ce ke bin ta Alhaji Abdulsalami a layi, in wannan ba ta tashi ba shi ma ba zai yi lodi ba.

Abdulsalami ya kifa kai a sitiyari yana jan minshari kamar injin markaɗe. Yunusa ya ɗaga hannu zai buga gilashi, sai minsharin ya yanke. Ƙirjin mutumin na motsi, amma babu iskar da ke shiga. Shirun ya yi tsawo har kajin tsohuwa suka fara ƙyarƙyara. Can ya zabura, ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

"Yunusa? Ɗan runtsawa na yi."

"Ai barci naku ne, Alhaji. Mu masu neman na cefane ina muka ga ta barci?"

Abdulsalami ya yi dariya ya tayar da mota. Bai taɓa jin ƙayar da ke cikin maganar Yunusa ba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Birnin Kudu, kuma shekara ɗaya suka fara tuƙi a hanyar Gwaram. Yau Abdulsalami yana da motoci uku, ga sola a rufin gida, ya je Makka, wuya ya yi kauri har hula tana zama masa kamar an ɗora a kan turmi. Yunusa kuwa har yanzu motar wani yake ja, jiki kamar sillen kara. Duk lokacin da ya ji mata suna cewa "Alhaji jiki ya yi kyau," sai ya tsuke fuska ya yi gaba.

Wata Juma'a bayan la'asar Abdulsalami ya kira shi zaure, ya tura ƙofa, ya buɗe wata jaka. A ciki akwai na'ura kamar ƙaramar rediyo, da tiyo, da wani abu na roba da ake ɗaurawa a hanci.

"Kano na je. Kwana na yi a asibiti, suka liƙa min wayoyi a jiki. Likita ya ce in na yi barci maƙogwarona rufewa yake. Kitsen wuyan nan da harshe su ke toshe hanyar iska. Wai sau arba'in a awa ɗaya numfashina yake tsayawa."

"Sau arba'in?"

"Wallahi. Shi ya kawo ciwon kan da nake tashi da shi, da gyangyaɗin nan, da hawan jinin da ya ƙi jin magani. Ya ce in ban kula ba zuciya za ta gaji, ko ɓarin jiki ya shanye. Wannan ita za ta riƙa hura min iska. Ya ce in rage ƙiba, in riƙa kwanciya ta gefe, in bar tuƙi tukuna." Ya rage murya. "Daga matata A'i sai kai na gaya wa. Ka san bakin tasha."

Yunusa ya shafa na'urar, santsi, sabuwa fil. Abin da ya zo masa a rai shi ne: wai har iskar da mai shi zai shaƙa ta fi ta kowa.

A lokacin saura wata ɗaya a yi zaɓen shugaban direbobin tasha, kuma kowa Abdulsalami yake ambata. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma na Yunusa bai riƙe maganar kwana uku ba. A wurin mai shayi ya saki, cikin raha.

"Ku da za ku zaɓi shugaba, kun san yanzu sai an sa masa takunkumi yake barci? Kamar jakin da ake tsoron ya ci dawar mutane."

Aka bushe da dariya. Kafin azahar suna ya bi tasha: Alhaji Takunkumi. Maganar ta kai kunnen Abdulsalami. Ya dai dubi Yunusa sau ɗaya, ya kawar da kai. Washegari ya karɓi mukulli daga hannun direbansa, ya koma hanya da kansa don a ga lafiyarsa ƙalau.

Bayan mako biyu A'i ta yi sallama a ƙofar gidan Yunusa, ta tsaya daga gefe cikin hijabi.

"Malam Yunusa, wurinka na zo. Alhaji ya mayar da na'urar nan jaka, ya ce shi ba dabba ba ne. Kwana goman da ya yi yana sa ta, wallahi kamar an canza shi, har gona ya je da ƙafa. Yanzu kuwa zama nake ina zungurarsa in ya yi shiru. Kai yake jin maganarka. Ka roƙe shi."

Ashe bai gaya mata wanda ya fasa maganar ba.

"To, Hajiya. Zan yi masa magana."

Ya yi niyya, har ga Allah. Amma ya ce a ransa bari zaɓe ya wuce tukuna.

Ranar Talata, saura kwana huɗu zaɓe, Yunusa yana alwalar la'asar a tsakar gida ya ji salatin A'i ta kan katanga. Ya yar da buta ya ruga. Ya tarar da Abdulsalami a kan tabarma a rigingine, ya dawo daga Gwaram ya ce bari ya ɗan miƙe. Aka ɗauke shi zuwa asibiti a motar Yunusa. Likita ya duba, ya ce zuciya ce ta tsaya.

Da safe aka yi jana'iza. Mutane suka zo daga Wurno, daga Kwandiko, har daga Kano. Direbobi suka ajiye motoci, tasha ta zama fayau. Yunusa yana sahun gaba, hawaye na bin fuskarsa, sai ya kama kansa yana waiwaye yana ƙirga sahu. Goma sha ɗaya. Ya ji zuciyarsa tana tambaya ko nasa zai kai uku. Ya runtse ido ya yi istigfari, kunya ta lulluɓe shi har liman ya yi kabbara.

A zaure A'i ta aiko a yi masa godiya ta musamman, ta ce ta san ya yi iya ƙoƙarinsa.

Da yamma masu gaisuwa suka ragu, hadari ya haɗo daga gabas. Aka naɗe tabarmin waje a gurguje, kowa ya kwashi takalminsa ya shige. Saura na Alhaji ƙafa biyu a bakin ƙofa, manya, dunduniyar hagu ta cinye, babu wanda ya taɓa su tun jiya. Yayyafi ya fara taruwa a cikinsu. Yunusa ya fita ya ɗauko, ya zazzage ruwan, ya goge su da bakin rigarsa, ya jingina su a jikin bango daga ciki.