Ƙasar Makwancin Shanu

Sailuba tana cikin takaba masu awon ƙasa suka zo Kaoje. Shekara biyu mijinta Maidawa yana zarya zuwa Bagudo, yana kai ƙarar baƙin ruwan da kamfanin gyaran shinkafa ke sakowa cikin fadamarsa. Masu awon ba su tashi zuwa ba sai da ya kwana ashirin a ƙasa. An ce in awo ya nuna gonar ta lalace, dole kamfani ya kau da magudanarsa.

Ba ta da halin fita, sai ta tura ƙanen mijinta, Ɗanmusa, ya raka su.

Bayan wata uku takarda ta iso. Ɗanmusa ya karanta mata a tsakar gida, har da murmushi: ƙasa lafiya lau, ga taki ya wadata.

"Wace ƙasa?" in ji ta. "Wadda ko tsutsa ta ƙaurace wa? Ina ka kai su?"

"Wajen tudu, inda Fulani sunka kwana da shanu bara."

"Can ruwan ke zuwa?"

"Haba matar Yaya! Manyan baƙi, da takalmansu masu tsabta, in kai su cikin wannan ɗoyi? A ce gonar gidanmu ke nan? Ai baƙo abu mai kyau akan nuna mai."

Ta tuna ƙafafun Maidawa, duk tsagewa, yana tsaye cikin ruwan nan yana ciro shinkafar da ta yi ja tun ba ta kai gwiwa ba.

"Neman aure sunka zo, kai wawa? Yayanka ya mutu yana roƙon a zo a ga ɗoyin, kai kuma ka rufa wa ɗoyi asiri! Me 'ya'yansa za su ci bana, takarda?"

Ya yi tsuru-tsuru, ya ce ai an riga an buga hatimi.

Ranar da ta fita takaba ba ta zauna karɓar gaisuwa ba. Ta ɗauki garmar Maidawa ta nufi fadama. Tun hantsi take sarar ƙasa tana cusawa a bakin magudana, tana dannewa da ƙafa. Kafin la'asar baƙin ruwan ya juya, ya malale ƙofar kamfani.

Mai gadi ya taho a guje yana ihu, wai za ta ɓata musu wuri.

Ta dogara da garma tana haki.

"Da me? Je ka tambayi manyanka. Takarda ta ce ruwan nan ba ya ɓata komai."