Mai Tsaron Gida Mai Gefen Zinariya

Shittu ya sa farce ya yage ledar kwalin, ƙamshin sabuwar takarda ya tashi. Badaru ya ture tiren shayi gefe, suka zazzage ƙunshin katunan a kan darduma suka shiga rabo: naka, nawa, naka, nawa.

Magidanta ne su biyun, Shittu mai gyaran firji, Badaru direban tankar ruwa, amma tun zuwansu Madina suke tara katunan 'yan ƙwallo kamar yara. A jerin gasar duniya ta 1986 kowa ya cika albam ɗinsa, saura gurbi guda: mai tsaron gida mai gefen zinariya. Mai kanti a unguwar Sultana ya ce ba ya wuce ɗaya a kwali, in ma an dace. Shi ya sa suka haɗu suka sayi kwali sukutum.

"Ƙa'ida tana nan," in ji Badaru. "Abin da ya fito a kason mutum nasa ne. Khalas?"

"Khalas."

Suka fara yagewa. Fuskokin da suka sani ne ke ta maimaita kansu. Fankar sama tana kaɗawa.

Asama'u, matar Badaru, ta yi magana daga bayan labule. "Baban Raliya, kafil ɗinka, ubangidanka na aiki, yana ƙasa, ya ce ka sauko."

Badaru ya ajiye katin hannunsa a hankali, ya zura takalmi ya fita.

Shittu ya miƙa hannu ya ɗauki ƙunshi, hankalinsa na kan ƙofa. Yana yagewa gefen zinariya ya ƙyalla. Ga shi nan, da safar hannu, ya rungume ƙwallo a ƙirji. Sai da ya buɗe baki zai yi kabbara ya lura: kasonsa yana hagu, shi kuwa daga dama ya ɗauka.

Ya ji takun sawu a matakala. Kafin ya yi shawara da zuciyarsa, katin ya shige aljihun gaban jallabiyarsa, ya tura ƙunshi guda daga nasa ya cike wa Badaru.

Badaru ya shigo ya zauna.

"Ba zai sabunta min iƙamar zama a ƙasar nan ba," ya ce. "Bayan aikin Hajji zan tattara iyali, sai Ƙauran Namoda."

"Innalillahi. Ba abin da za a iya yi?"

"Ya riga ya ɗauko wani direban." Ya yi ɗan murmushi, ya tura kasonsa gaban Shittu, ya ɗora albam ɗinsa a kai. "Me zan yi da su a can? Buɗe duka, ɗan'uwa. In yana ciki, naka ne. Ni dai in ga ka cike gurbin nan da idona."

Shittu ya ɗauki ƙunshi ya yage. Kowanne ya taɓa sai Badaru ya matso ya ce bismillah, ya leƙa, ya koma da baya yana tsaki. Haka har na ƙarshe, wanda ya fito da wani ɗan baya da suke da irinsa rututu.

"La haula! Wallahi mai kantin nan ya cuce mu." Badaru ya dafa kafaɗarsa. "Yi haƙuri. Ba rabonka ba ne."

"Haka ne," in ji Shittu, muryarsa can ƙasa.

Aka kira magariba. Suka yi alwala, Badaru ya kawar da tarkacen takardun ya shimfiɗa sallaya.

"Yau a gida za mu yi, ƙafata ba za ta kai ni masallaci ba. Shige gaba ka ja mu."

"A'a, kai ne mai gida."

"Kai ka fi ni karatu. Yalla."

Shittu ya shige gaba. Aljihun ba shi da zurfi, ba shi da maɓalli, ga ruku'u na zuwa. Ya yi kabbara, ya ɗora hannuwansa can sama a ƙirji, ya danne aljihun.