Zubin da Mama Ba Ta Ƙarasa Ba

A gida Auta ake kiransa, duk da furfurar da ta fara leƙo masa a haɓa. A zauren intanet kuwa, inda masu harkar kwamfuta ke haɗuwa su wuni suna musu, sunansa Magini, kuma in ya shigo kowa sai ya gyara zama, don ba ya raga wa kowa.

Musun nasu guda ne, ba ya tsufa: wace babbar manhaja ce ta fi, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, in babu ita na'ura ƙarfe ce kawai da gilashi. Zauren ya rabu gida biyu. Akwai masu ta kamfani, wadda ake sayo kwamfuta da ita a ciki. Su ake wa laƙabi da 'yan gidan haya, wai ka biya kuɗinka amma ko ƙusa ba ka isa ka kafa ba sai da izinin mai gida. Akwai kuma masu ta kyauta, wadda kowa zai iya buɗe cikinta ya gyara yadda ya ga dama. Su kuma aka sa musu 'yan kango, wai an ba ka fili da tubali an ce ka ji da kanka, ruwan sama na dukanka kana murna ka samu 'yanci. Auta ɗan kango ne na gani-kashe-ni. A shagonsa na gyara, can saman bene a jerin masu sayar da waya, in ka kai kwamfuta don a canza maka batir sai ka sha wa'azi kafin ka fito.

'Yan kango suna da wata al'ada. In mutum ya shawo kan ɗan'uwa ko maƙwabci ya sauke masa ta kamfani ya ɗora tasu, sai ya ɗauki hoto biyu, na kafin da na bayan, ya liƙa a zaure ya rubuta cewa an 'yanta wata. Kuma ba sharewa kawai ake yi ba. Sai an bi cikin na'urar lungu-lungu an rubuce shi da sifiri, yadda ko ƙurar gidan haya ba za ta saura ba. Wannan suke kira wankin babban bargo, kuma Auta ya fi kowa yawan hotuna.

Babban abokin hamayyarsa wani ne da ya ɗauki zagin ya mai da shi suna, yake kiran kansa Tsohon Ɗan Haya. Ba su taɓa haɗuwa ba, Auta bai san ko fari ne ko baƙi ba. Amma shekara da shekaru, kafin ya gama ɗaga ƙofar shago, zai tarar mutumin ya ajiye masa baƙar magana tana jiransa, shi kuma ya mayar da wadda ta fi ta zafi.

Kwamfuta ɗaya ce ta gagari Auta, ita ce ta falon Baba. Tana kusurwa ƙarƙashin taga, a kan wani tebur mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da ninkakken kwali. Ta Mama ce. Mama ta ƙare aikinta tana buga takardu a ofis, da ta yi ritaya ta sayo wannan don kada yatsunta su sangarce. Daga baya ta bar bugun ta koma wa wasan karta na mutum ɗaya da ke cikin kwamfutar, wanda ake jera ja a kan baƙi, baƙi a kan ja, har kartar ta ƙare. Ranar da ciwo ya kayar da ita tana tsakiyar wani zubi na wasan ne, bayan cin abincin rana. Ta miƙe dafe da gefen cikinta, ta ce wa Baba kada ya taɓa mata, za ta ɗan kwanta ta dawo ta ƙarasa. Daga kwanciyar sai asibiti, daga asibiti ba ta dawo ba.

Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, bai taɓa sanin kan kwamfuta ba. Bayan rasuwarta ya koyi abu uku rak: ya kunna, ya buɗe wasan, ya danna e idan an tambaye shi ko zai ci gaba daga inda aka tsaya. Kullum bayan abincin rana sai ya ja kujerarta ya zauna da kofin shayinsa. Ga jar bakwai can a gefe, ga baƙar takwas tana jiranta, ko makaho ya laluba zai san abin da ya kamata a yi. Baba ba ya taɓawa. Ya yi ta kallo har shayin ya huce, sannan ya rufe. Yaya, babbar 'yar gidan, ta taɓa ba Auta wannan labari tana share hawaye. Ya ji, amma da kunne ɗaya, don a lokacin yana tsakiyar mayar wa wani martani a waya.

Tsautsayi ya sa wata rana ya ɗauki hoton wata na'ura da ya gyara a falon, ya saka a zaure. Can a bayan hoton ga kwamfutar Mama a kunne, tambarin kamfani ɓaro-ɓaro. Tsohon Ɗan Haya ya zagaye wurin da jan layi ya rubuta: “Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Magini, ashe a gidan haya aka yanke maka cibiya?”

Zaure ya ɗauka. Har 'yan kango 'yan'uwansa suka shiga dariyar. Ranar Auta ya ci abinci bai ji daɗinsa ba.

Ya je ya sami Baba da hujjoji. Ya ce manhajar ta tsufa, kamfanin ma ya daina kula da ita, ɓarayin intanet za su iya shigowa ta nan. Baba ya tambaye shi me ɓarawon zai ɗauka. Auta ya ce tasu ma tana da wasan karta, har ya fi wannan kyau. Baba ya ajiye kofi ya dube shi ta saman tabarau.

“Auta, bar mini ita yadda take.”

Ya ce to. Amma to ɗin baki ce. A ransa cewa yake yi tsoho ne, tsoron sabon abu ne kawai, in ya ga yadda za ta riƙa gudu shi da kansa zai sa masa albarka.

Ranar da Yaya ta kai Baba asibitin ido, Auta bai buɗe shago ba. Ya zo da filashi biyu a aljihu, ɗaya na kwashe bayanai, ɗaya ɗauke da manhajarsu. A faɗi gaskiya, bai yi aikin ganganci ba. Ya kwashe hotuna kaf, ya kwashe takardun da Mama ta buga, har waɗanda ta jefa a kwandon shara ya tsince, ya sake dubawa ya tabbatar komai ya hau. Sannan ya tashi ɗaukar hoton kafin. Don abin ya yi armashi ya buɗe wasan kartar, aka tambaye shi ko zai ci gaba, ya danna e, ya ɗauka. Ya riga ya shirya abin da zai rubuta a ƙasa: ga iyakar abin da gidan haya ya iya. Daga nan ya saki wankin babban bargo, ya shiga kicin ya dafa wa kansa shayi yana fito.

Kafin su dawo ya gama. Hotuna biyu sun hau zaure, ana ta yi masa kirari.

Baba ya dawo idonsa ɗaya da ɗigon magani, ya ci abinci, ya ja kujera. Auta na tsaye a bayansa yana murmushi. Na'urar ta tashi cikin ƙiftawar ido, da sabuwar fuska mai ruwan ganye. Baba ya daɗe yana lalube da ido. Auta ya sunkuyo da rawar jiki ya buɗe masa sabon wasan, kartoci suka zubo, masu sheƙi, sababbi fil.

“Ina nata?” in ji Baba.

Auta ya fara bayani cewa komai na nan, babu fayil ɗaya da ya ɓata, ga hotuna, ga takardu. Yana cikin magana ya gane abin da Baba ke nufi. Zubin ba ya cikin hotuna, ba ya cikin takardu. Wasan yana ajiye shi ne a wani ɓoyayyen lungu na manhajar kamfani, wurin da Auta bai taɓa leƙawa ba, tun da ya sha alwashin ba zai ɓata lokacinsa ya koyi lungunan gidan haya ba. Yaya ta fito daga kicin ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi allon, ta dube shi, ta ɗora hannu a ka.

Baba bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi sauƙi. Ya mayar da kujera mazauninta, ya ɗauki kofinsa ya shige ɗaki.

Auta ya kinkimi kwamfutar ya kai shago. Duk wata dabarar tono abin da aka share ya gwada ta. Da sharewa kawai ya yi, da ya samo shi kafin shayi ya huce, aikin da yake yi wa mutane ke nan kullum. Amma ya yi wankin da kyau, kamar yadda ya saba. Duk inda ya tona sifiri yake tararwa. Garin gyaran gira ya rasa ido, kuma babu wanda zai ɗora wa laifi.

A gida kuwa, Yaya ta ce Baba ya daina zama a falo. Yana cin abinci ya koma ɗaki ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Teburin na nan da alamar inda kwamfutar take, ƙura ta zagaye wurin.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Auta ya buɗe akwatin saƙon sirri na Tsohon Ɗan Haya, wanda bai taɓa buɗewa ba, ya rubuta masa komai, bai rage ba. Ya aika ya zauna yana jiran a kwashe maganar a kai zaure a yi masa tsirara. Amsar da ta zo gajeriya ce. Mutumin ya yi masa ta'aziyyar Mama, ya ce shi ma tasa ta rasu, sannan ya ce ya turo masa hoton kafin ɗin, na asali, ba wanda ya saka a zaure ba.

A hoton nan na izgili zubin ya fito tsaf. Tsohon Ɗan Haya ya san inda wasan ke ajiya, ya san yadda ake rubuta masa matsayin kowace karta da hannu. Ya sa Auta ya sake ɗora manhajar kamfani, irin tsohuwar, yana faɗa masa inda zai danna, Auta na bi kamar ɗan koyo. Kwanaki suka yi a kai, tsakanin mai kawo gyara da mai karɓa. Ko sau ɗaya mutumin bai yi masa gori ba, kuma wannan ya fi gorin ciwo. Da suka zo ƙarshe ya gaya masa abin da Auta ya riga ya sani yana gudun ji: kartocin da ke buɗe za su koma daidai inda ta bar su, amma waɗanda ke kife hoto bai nuna su ba. Sai dai su zuba ragowar yadda ta kama. Ya ce ya rage wa Auta ya faɗa wa Baba ko ya yi shiru.

Auta ya mayar da kwamfutar kan teburinta, ya gyara kwalin da ke ƙarƙashin ƙafa. Yaya ta lallaso Baba ya fito. Ya zauna, ya kunna, ya buɗe wasan. Aka tambaye shi ko zai ci gaba, ya danna e. Ga jar bakwai a gefe, ga baƙar takwas tana jira. Yaya ta saki ajiyar zuciya.

Baba ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe. Sannan ya nuna waɗanda ke kife da yatsa, bai waiwayo ba.

“Waɗannan fa? Su ma nata ne?”

Auta ya shirya ƙarya tun a hanya, har ya maimaita ta. Ya buɗe baki ta ƙi fitowa.

“A'a, Baba. Na sama ne nata. Na ƙasa mu muka zuba.”

Baba ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce sun yi ƙoƙari, a gaishe masa da wanda ya taimaka. Sai ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar, ya ja jar bakwai ya aza a kan baƙar takwas. Yaya ta toshe bakinta da mayafi. Kartar da ke ƙasa ta buɗe, ya ɗauke ta ita ma, ya ci gaba. Ashe duk zaman da ya yi a gefen Mama yana tsokanarta ya iya wasan sarai. Bai daɗe ba zubin ya cije, babu sauran inda za a motsa. Wasan ya tambaye shi ko zai fara sabo, ya danna a'a, ya kashe na'urar.

Ya dafa tebur ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Shayinsa ko kurɓa bai yi ba.

“Ɗauke ta, Auta,” ya ce. “Ka sa mata duk wadda ka ga ta fi.”