Kaka Ba Zagi Ba Ne

Kwana huɗu ke nan Wafa ba ta kira Hajo yadda ta saba ba. Yarinyar da tun tana rarrafe bakinta bai san wani kira ba sai "Kaka, Kaka", yanzu in tana son abu sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce "Sitti", wato kaka da Larabci, kamar 'yar maƙwabta da aka aiko aron gishiri. Hajo ta ƙyale ranar farko, ta ƙyale ta biyu. Da abin ya ishe ta, ta zazzage jakar makarantar yarinyar a kan darduma, ta tsinci wata takarda mai hatimi a ƙudundune, ta miƙa wa ɗanta Sa'id ya karanta mata.

Sa'id ɗin ne ya kai 'yar tasa wannan makaranta ta kuɗi da ke unguwar Al-Aziziya a nan Madina, wai makarantar harshe biyu: da safe Larabci, bayan hutun tara Turanci, har lissafi da Turanci ake yi. Ranar da ya zo da labarin yana ta washe baki, Hajo ta ce masa ai yarinyar da harshe biyu ta tashi, na uku za a ƙara mata. Ya yi dariya ya ce, "Ya ummi, Hausa ai ta gida ce." Wato ba ta cikin ƙidaya.

Ya karanta takardar yana ƙasa da murya. A darasin Turanci an ce kowace yarinya ta zana mutanen gidansu ta faɗi sunan kowa. Wafa ta ɗaga nata zanen, ta ɗora yatsa kan tsohuwar da ta zana, ta ce "Kaka". To a bakin ƙananan yaran Madina, da wannan kalma ake kiran kashi. Aji ya ɓarke da dariya. Malama ta tsayar da ita fuska ga bango har aka kaɗa ƙararrawa, sannan ta rubuto wa iyaye su kula da bakin 'yarsu.

"Ma'alesh, a yi haƙuri," in ji Sa'id. "Gobe zan yi musu waya."

"Waya? An mai da uwarka kashi a gaban yara ashirin, kai waya za ka yi? Gobe da safe ka ɗauko makullin mota."

Maza ba sa shiga makarantar mata, don haka a bakin get ta bar shi. Shugabar makarantar, Abla Suhaila, ta tarbe ta da gahawa da dabino da murmushin da ake yi wa tsofaffi don su yi sauri su tafi. Ta ce kuskure ne aka samu, amma dai masana sun ce harshe biyu ya ishi ƙwaƙwalwar yaro, in da za a rage na ukun a gida da ya fi. Hajo ta ajiye kofin ba ta kurɓa ba. Ta ce a kira mata malamar.

Malamar ta shigo, doguwa, da alli a hannu. Hajo ta dube ta sau ɗaya, ta sake duba. Ashe Radiyya ce, 'yar Ƙaltume ta unguwar Ƙurban! Hajo da hannunta ta tuƙa tuwon sunan yarinyar nan. Kakarta Mariyamu kuwa shekara talatin suka yi da Hajo suna kasa gyaɗa gefe da gefe a hanyar masallacin Ƙuba.

"Radiyya," in ji Hajo da Hausa, "ke ce?"

"Ahlan ya hala," in ji malamar da Larabci, wato sannu da zuwa goggo, idonta a kan bango.

"Ba hala nake ba, Inna Hajo ce. Ki faɗa mini, da wane suna kike kiran Mariyamu har Allah Ya karɓi abarSa?"

Hajo ta juya harshe zuwa Larabci don shugabar ta ji da kunnenta, ta ɗaga murya iya ƙarfinta. Ta ce da baƙuwa ce ta yi wannan da ta yafe, don jahilci ne. Amma wannan ta san kalmar, da ita ta girma. Jimla ɗaya ta ishe ta, ta ce wa yara a harshen gidan su Wafa haka ake kiran uwar uba. Makarantar da ke cika baki da koyar da harsuna, ta sami darasi ya faɗo mata kyauta, ta juya shi ga bango.

Radiyya ta matso kamar za ta sumbaci kanta, ta raɗa da Hausar da ba ta da ko tabo: "Inna, ki rufa mini asiri. Da na fassara, da sun gane ni ma Bahaushiya ce, ni za su riƙa kira da shi har in bar aikin nan."

"To shi ne kika bar wa 'yar shekara shida ta ɗauka."

Abla Suhaila ta yayyaga takardar, ta ba da haƙuri har sau uku, ta yi alkawarin za a yi wa ajin bayani. Hajo ta miƙe, ta gyara abayarta, ta fito tana jin ta ƙwato wa jikarta haƙƙinta.

Ba ta lura an fito hutun tara ba. 'Yan mata sun cika baranda, kuma babu wadda muryarta ba ta kai wa ba. Tana wucewa wata ta toshe hanci, wata ta faɗi kalmar ƙasa-ƙasa, dariya ta bi layi. Wafa tana tsaye ita kaɗai a jikin ginshiƙi, burodinta a hannu ko ɓare shi ba ta yi ba. Hajo ta buɗe mata hannuwa.

Yarinyar ta zo, amma ba ta shiga jikinta ba. Ta kama gefen abayar ta ja, har Hajo ta sunkuyo. Sannan ta zaɓi Hausa, don kada sauran su gane, ta ce, "Don Allah kar ki ƙara zuwa nan."